Abin da aka tattauna kan bin sawun Tanja Lange

Zancen ya yi tsawo, don haka na tattaro shi ga ɗalibar da ta tambayi yadda za ta bi hanyar wannan farfesa 'yar Jamus, masaniyar ilimin lambobi da ɓoye saƙo.

1. Kusan kowa ya ce lissafi ne tushe. Farfesar ma da shi ta fara a Braunschweig ta Jamus, ta yi digirin digirgir a Essen a 2001 ƙarƙashin Gerhard Frey, wanda aikinsa ya share fagen warware matsalar Fermat, wata tsohuwar tambayar lissafi. Wani ya ce shi ya kan kwana kan tambaya ɗaya ta aljebra, takarda ta ƙare, fensir ya gajarce.

2. Malami ya fi sunan jami'a. A nan babu musu.

3. An rabu kan fita waje. Wasu sun nuna yadda ta bi ta Bochum da Denmak kafin ta zama farfesa a Eindhoven ta Holan. Wasu suka ce yawo yana cin iyali. Ni dai ina ganin duka biyun da gaskiyarsu.

4. A koyi rubuta manhaja. Tsarin sa hannu na dijital mai suna Ed25519 da ta ƙirƙira da Daniel Bernstein da abokansu a 2011 yanzu yana cikin SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro, saboda yana da sauri a kwamfuta.

5. Inda aka fi ja-in-ja: ɓoye saƙon da zai jure wa kwamfutar kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa. Tun 1994 Peter Shor ya nuna irinta za ta karya RSA, wata sananniyar hanyar ɓoye saƙo. Masu yawa sun ce nan aiki yake, kaɗan suka ce a fara ƙware a tsohon fagen tukuna.