Kashin ɓera a buhun gari, a zubar ne ko a tankaɗe?

Maman Sadiya:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ina da ɗan shago a unguwar Aboabo a nan Kumasi ina sayar da garin rogo da wake da shinkafa, to tun da ruwan sama ya sauka gota ta cika ɓeraye duk sun gudo cikin gidaje sun addabe mu. Jiya na buɗe buhun gari na tarar da kashinsu a sama, maigida ya ce a tankaɗe a sayar kawai ai tun muna yara muke ci ba abin da ya same mu, ni dai hankalina bai kwanta ba don gari ba dafa shi ake ba, jiƙawa ake da suga a sha. Ga yarana kuma kullum suna bin gafiya da abokansu suna gasawa. Da gaske ɓera na kawo ciwo ko tsoratar da mutane kawai ake?

Ɗan Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi asarar da zafi ga yadda kaya suka yi tsada amma ni dai ba zan ba yarana garin nan ba. Kashin kin gan shi kin tsince, fitsarin fa? Rariya ba ta tace fitsari.

Anti Nas:
'Yar uwa aikin jinya nake, ki saurare ni. Zazzaɓin Lassa ta wannan hanyar yake kama mutum, abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, wani ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ƙwayar, shi lafiyarsa ƙalau yana ta zubar da ita. Kuma kar a ce ciwon 'yan Najeriya ne, a Fabrairun 2023 ya ɓulla a Accra, cibiyar binciken lafiya ta Noguchi ce ta tabbatar, har an rasa rai. Matsalarsa yana farawa kamar maleriya, zazzaɓi da ciwon kai da ciwon maƙogwaro, mutum ya yi ta shan maganin maleriya a gida kwana na tafiya, kuma yana iya kai kwana 21 a jiki kafin ya nuna. Yawancin mutane bai musu tsanani amma cikin waɗanda suka warke akwai masu kurmancewa. Ba kowane ɓera ke da shi ba, gaskiya ne, sai dai ba a rubuce yake a goshinsa ba.

Sannan ruwan gotar nan da yara ke wasa a ciki, akwai cutar da ake ce wa leptosfirosis, ita ma fitsarin ɓera ce, tana shiga ta ƙaramin rauni a ƙafa ta taɓa ƙoda da hanta har ido ya yi rawaya. In za ki share kashin kar ki share shi a bushe ƙura ta shiga hanci, ki yayyafa ruwan Parazone, wato bilic ɗin wanki, tukuna, ki sa leda a hannu ki kwashe.

Malam Tsoho:
Hajiya ko tarihin Kumasin nan ya ishe mu. A 1924 annobar da ake ce wa plague ta faɗa wa Kumasi, zongo ta ji jiki sosai, ƙuman da ke jikin ɓera ne ke ɗauko ta su ciji mutum. Maganar gafiya kuwa ki ja kunnen yaran. A 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka, da aka bi diddigi sai aka gano dabbobin daji ne da aka kai daga nan Ghana, har da gafiya a ciki. Wuta na kashe ƙwayoyin in naman ya gasu sosai, wajen kamawa da fiɗa ne jini ke taɓa hannu.

Maman Sadiya:
Innalillahi, na gode ƙwarai Allah ya saka. Garin dai ya tafi bola, maigida na ta faɗa na ce ya yi haƙuri. To wake da shinkafar fa, su buhunansu ba su ɓule ba. Kuma in sa maganin ɓera ne?

Anti Nas:
Tun da ba su ɓule ba ki juye su cikin durom mai murfi, ki ɗora kan katako kar ya zauna a ƙasa, dama su dafawa ake. Maganin kuwa a shagon abinci ga yara na shige da fice ban ba ki shawara ba, ki sa tarko, ki toshe ramukan da siminti, in da hali ki samo kyanwa. Wanda tarko ya kama kar yaran su ɗauka da hannu.