Na ƙi auren manaja, yanzu an ce in ajiye aiki kafin Juma'a ko a kira min 'yan sanda

Wata 'yar uwa (an sakaya suna):

Assalamu alaikum. Ina aiki a siton wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, shekara uku da 'yan watanni, ni ke rubuta kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Kawuna ne ya samo min aikin, mai kamfanin surukinsa ne. Manajanmu ɗan ƙanwar Alhaji mai kamfanin ne, akantarmu kuma ƙanwar manajan ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Bara manajan ya nuna yana so na da aure, na ba shi haƙuri cikin mutunci. Wata biyu da suka wuce aka sa min rana da wani abokin aikinmu na sashen sayarwa. Tun daga nan komai ya canza. Takardar tuhuma biyu aka ba ni a wata ɗaya, ta biyun wai katan 40 na madara sun ɓace a hannuna. Jiya ya kira ni ofis ya ce dokar kamfani ta hana miji da mata aiki tare, in rubuta takardar ajiye aiki kafin Juma'a, in ba haka ba a kore ni kan kayan a kuma kira 'yan sanda. Ban taɓa ganin wannan dokar ba. A gida an ce in haƙura saboda zumunci. Don Allah me ya kamata in yi?

Barista, lauyan ƙwadago:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki rubuta takardar nan, kuma kada ki daina zuwa aiki. Ki sa hannu a rajista kullum a kan lokaci. Abin da ake jira ke nan, ko ki rubuta da hannunki a ce ke kika tafi, ko ki yi fushi ki zauna a gida a ce kin gudu daga aiki. Gaskiya ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana ɗaukar ajiye aikin dole a matsayin kora, amma a lokacin ke za ki yi ta fafutukar tabbatar da cewa tilasta miki aka yi, alhali ga takarda da rubutunki a gabansu.

Manajan ya cakuɗa maganganu biyu da gangan, ke ki raba su. Akwai maganar aure, akwai maganar madara. Wanda yake da hujjar sata ba ya cewa "ajiye aiki mu bar maganar". Wanda kuma yake da dokar hana ma'aurata aiki tare ba ya buƙatar 'yan sanda.

A tsohon tsari mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da faɗin dalili ba, muddin ya ba da wa'adi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade shi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Naki mako biyu ne ko kuɗinsu, sai in yarjejeniyarku ta ba ki fiye da haka. Amma da zarar sun ambaci dalili, kamar ɓatan kaya, nauyin tabbatar da shi ya koma kansu. Sannan gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya shigo da sashe na 254C, wanda ya ba wannan kotu ikon sauraron ƙarar rashin adalci a wurin aiki, da nuna bambanci, da cin zarafin da ya shafi jinsi. Oda ta 14 ta ƙa'idojin kotun na 2017 ta yi magana a kan waɗannan biyun na ƙarshe, har da nuna bambanci saboda aure. A 2013 kotun ta ba Ejieke Maduka diyya a ƙarar da ta kai Microsoft Nigeria, bayan an sallame ta don ta ƙi amincewa da neman lalata da shugabanta ya yi mata.

Sai dai ki lura, neman aure cikin mutunci ba laifi ba ne, kada ki gina ƙararki a kan cewa ya ce yana son ki. Laifin shi ne ramuwar da ta biyo bayan ƙin, kuma ita ranaku ne ke nuna ta: shekara uku babu tuhuma ko ɗaya, an sa rana, sai ga biyu a wata guda.

Jami'ar kula da ma'aikata:

Barista ya yi bayani, zan ƙara ne a kan dokar ma'aurata, don kada 'yar uwarmu ta ɗauka ƙarya ce tsagwaronta. Akwai wuraren da suke da ita, musamman inda ake riƙe kuɗi ko kaya, kuma tana da dalili. Mai rubuta fitar kaya a sito da mai sayar da su a waje su ne mutum biyun da ba a son su haɗa baki, don ɗaya ne ke tantance ɗaya. To nan ne rauninki, ki san da shi.

Amma inda ake yin abin da gaskiya, dokar tana rubuce a littafin ƙa'idojin ma'aikata, an ba kowa ya sa hannu tun kafin lamarin ya taso. Abu na farko da ake yi shi ne sauya wa ɗaya sashe ko reshe. In babu gurbi, ma'auratan ake bari su zaɓi wanda zai tafi, a ba su lokaci, a biya shi haƙƙoƙinsa. Ba a nuna mace a ce ke ce za ki tafi don ke ce mace. Kuma galibi irin wannan doka ba ta tsayawa a kan miji da mata, tana haɗawa da wa da ƙani. Manaja mai amincewa da kashe kuɗi, ƙanwarsa mai fitar da kuɗin, ai wannan ya fi naki haɗari ga dukiyar Alhaji. Balle ma ba a ɗaura auren ba tukuna.

Ki rubuta takarda gajera yau: a rana kaza manaja ya shaida min abu kaza, ina roƙon a ba ni kwafin dokar da ranar da ta fara aiki, kuma a shirye nake a sauya min sashe. Ki yi kwafi biyu, a buga hatimi ko a sa hannu a naki. In an ƙi karɓa, ki tura ta imel ko WhatsApp na ofis. Tuhumar madara kuwa ki amsa ta cikin wa'adin da aka ba ki, sau da yawa awa 24 ko 48 ne. Kada ki sa kalmar "ku yi haƙuri" ko "a yafe min" a ciki. Tarbiyyarmu ce ke sa mu rubuta haka, amma a fayil ana karanta shi a matsayin amsa laifi. In aka kafa kwamiti kika ga manajan ko ƙanwarsa a ciki, ki halarta, amma ki miƙa ƙorafi a rubuce cewa mai ƙara ba ya zama alƙali.

Mai binciken kuɗi:

Katan 40 ba sa fita a aljihu, sai da mota, kuma mota tana barin sawu a wuri huɗu: takardar karɓar kaya ranar da suka shigo, katin sito, takardar fitar da kaya mai sa hannun direba, da littafin mai gadi a bakin ƙofa. Ki nemi a rubuce a haɗa huɗun nan daga ranar ƙirga ta ƙarshe da kika sa hannu a kai zuwa ranar da aka ce an ga giɓi. Ki tambayi mutum nawa ke riƙe makullin siton. In ya wuce ke kaɗai, ba a ɗora miki kai tsaye.

Yawancin irin wannan giɓin ba sata ba ce. Kaya ne suka fita da umarnin baki, "a ba Alhaji wane, takarda na zuwa", ko an dawo da masu lalacewa ba a shigar ba, ko an rubuta katan mai gwangwani 24 a layin mai 48. Ki nemi a sake ƙirga a gabanki da wani wanda ba dangin manaja ba. Kada ki sa hannu a takardar da ta ce za a riƙa cirewa daga albashinki, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai bar mai kamfani ya yanke albashi yadda ya ga dama ba. Kuma kada ki ɗauke littafin kamfani ki kai gida don kare kanki, sai ki ba su laifin gaske.

Wata 'yar uwa (an sakaya suna):

Allah ya saka da alheri. Barista, ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba, katin shaida kawai gare ni, albashina naira 90,000 ta banki yake shigowa. Saƙonninsa na bara suna wayata, har da wanda ya turo daren da aka sa rana, ya ce "za ki gani". Makullin sito mu uku ne da shi. Ana cire min kuɗin fansho amma ban taɓa ganin saƙon shigarsu ba. Babbar damuwata Kawu, ba na so in zama sanadin ɓata tsakaninsa da surukinsa.

Barista, lauyan ƙwadago:

Rashin takardar laifinsu ne, ba naki ba. Sashe na 7 ya wajabta musu ba ki sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. Katin shaida, bayanan asusunki na banki, da takardun tuhumar da suka ba ki da kansu sun isa su nuna ke ma'aikaciyarsu ce. Ki je banki ki karɓi bayanin asusu mai hatimi tun daga watan farko.

Saƙonnin nan kada ki goge, kada ki sayar da wayar, kada ki canza layi. Ki ɗauki hoton allon yadda lambarsa da rana da lokaci za su fito, ba sunan da kika ajiye shi da shi kawai ba, ki tura wa imel ɗinki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar tabbatar da na'urar da aka ciro saƙon daga cikinta, lauyanki zai shirya miki. Kada ki watsa su a Facebook ko zauren dangi.

Maganar 'yan sanda: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin yarjejeniya kawai, amma zargin sata suna iya bincika. In an gayyace ki, ki je da lauya da wani babba na gida, kada ki rubuta alkawarin biyan kuɗi a caji ofis don a sake ki.

Yanzu abin da mutane ba sa son ji. A kamfani mai zaman kansa kotu ba ta cika mayar da mutum bakin aiki ba, wannan na ma'aikatan da doka ta kafa aikinsu ne, kamar na gwamnati. Kuɗi za ki samu. In abin ya tsaya a wa'adi kawai, mako biyu a albashinki kusan naira 45,000 ne, bai kai wahalar shari'a ba. Abin da ke ɗaga diyya shi ne tabbatar da ramuwar da kuma ƙazafin sata. Kotun tana da reshe a Kano, tana kuma da sashen sulhu. Kafin nan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, jami'insu na iya kiran ɓangarorin biyu. In kuɗin lauya ya yi nauyi, ki tuntuɓi ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Fansho kuwa magana ce mai zaman kanta. Dokar 2014 ta ce kashi 8 daga gare ki, kashi 10 daga kamfani. Ki je kamfanin fanshonki ki karɓi bayani. In an cire ba a zuba ba, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ake kai wa ƙara, kuma wannan kaɗai yakan sa mai kamfani ya sauko teburin sulhu.

Hajiya, tsohuwar shugabar ma'aikata:

'Yata, ni ban ga alamar Alhaji ya san abin da ke faruwa ba, ko kuma ɓangare ɗaya ya ji. Kafin takardar lauya ta isa gare shi, Kawunki ya kamata ya fara ji daga bakinki, ba daga bakin surukinsa ba. Kada ki je masa da kuka da dogon labari. Ki kai masa shafi ɗaya mai ranaku a jere, da saƙon daren sa rana, ki ce shawara kike nema. Shi ya san yadda zai shiga wurin Alhaji ba tare da ya kunyata ɗan ƙanwarsa a gaban ma'aikata ba.

In aka zauna sulhu, kada a tashi da "an yafe wa juna" kawai. A rubuta: an janye tuhumar madara daga fayilinki, sallama ce ba kora ba, za a biya albashin watan da kuɗin wa'adi da na hutun da ba ki tafi ba, za a zuba fanshon da aka riƙe, za a ba ki takardar shaidar aiki mai kyau, ga ranar biya. Alhaji ne zai sa hannu, ba manaja ba. In akwai layin da ya ce kin yafe duk wata ƙara, kada ki sa hannu sai kuɗin sun shiga asusunki.

Jami'ar kula da ma'aikata:

Hajiya, na yarda da zuwa wurin Kawu, amma ban yarda a jira shi ba. Juma'a ta kusa, zaman dangi kuwa sai an ce Alhaji ya yi tafiya, sai an dawo daga ɗaurin aure. Takardar neman kwafin doka da amsar tuhuma su shiga yau, sulhu ya biyo baya.

Abu ɗaya da ba a taɓo ba: angon. Shi ma yana ƙarƙashin manajan nan, kuma kuɗin kwastomomi na bi ta hannunsa. Ki gaya masa kada ya tunkari manajan, ko a ofis ko a waje, faɗa a wurin aiki dalili ne na kora nan take ba wa'adi. Ya rufe lissafin duk bashin da ke wuyansa a wannan makon, ya karɓi rasit a kan kowace naira da ya miƙa wa akanta.