Jarumina ya ƙi karɓar rawani, ni kuma littafi na biyu ya tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Daga wani ƙauye kusa da Takai nake, a waya nake rubutu idan na dawo daga gona. A littafina na ɗaya, wani maƙeri ya gaji layar zana daga kakansa, ya ceci garinsu, masu zaɓen sarki suka miƙa masa rawani, ya ce a kai kasuwa, ya koma maƙerarsa. Masu karatu sun ji daɗin haka. Yanzu a na biyu sarki ya rasu, 'ya'yansa sun ja daga, dole a sake nemansa. Idan ya sake ƙi, maimaici ne. Idan ya karɓa, na rushe halinsa. Wata uku ke nan ina shafi na 20. Ina mafita?

Malamin firamare, Garko: Wa alaikumus salam. Malam, kana zaune a kan amsarka kana nemanta a nesa. Ka tambayi tsofaffin garinku labarin Basasa. A 1893 da Sarkin Kano Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya fice da 'yan uwansa, suka yi sansani a nan Takai ɗinku. Yusufu bai shiga Kano ba, a nan Garko ya rasu, tafiyar ta faɗo kan ƙanensa Aliyu Babba, shi ya ci birnin a 1894. Ba na ce ka kwafi tarihi ba. Amma ka lura, rikicin gida ba ya tambayar mutum ko yana so. Kada a sake kawo wa maƙerinka rawani a faifai. Ka kashe wanda yake bi, ka bar shi da mutane ɗari suna kallon bakinsa.

Wata uwar gida, Ringim: Ni fa ɗan'uwa, na karanta na ɗayan, layar ce ta ba ni haushi. Ya ɓace, ya bayyana, ko ciwon kai babu. Wane boka ne yake ba da abu ba sharaɗi? Ka sa duk ɓacewar da ya yi, wani nasa ya manta da shi. Ya fara da maƙwabta, ya zo kan mahaifiyarsa. A nan ƙin nasa zai yi dalili, ba taurin kai ba.

Ɗalibi, Dutse: Ko a yi masa kurciya ya bi duniya, labari ya koma neman sa.

Wata uwar gida, Ringim: Haba ƙanena, kurciya ai an gaji da ita.

Dattijo, Sumaila: Yaro, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya: kada tsafi ya zama shi ne ya ci nasara a ƙarshe, yaranmu suna karantawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba, in sha Allahu layar a wutar maƙera za ta ƙare. Hajiya, na ɗauki taki, amma mahaifiyar tasa na riga na kashe ta a na ɗaya. Matarsa fa?

Wata uwar gida, Ringim: Matar ma ta fi ciwo. Ya yi sallama, ta ja mayafi ta ce maigidan ba ya nan.