Wai hakkin waye samar wa talaka gidan da ruwa ba zai cinye ba?

Dan Gwange: Salam jama'a, tun da dam ɗin Alau ya fashe a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri nake wannan tunanin, mutane sun koma sun sake gini a bakin kogin Ngadda inda ruwan ya ci su. Laifinsu ne ko na gwamnati?

Maman Ummi: Ɗan uwa ina kake so su je? Wanda ko kuɗin haya bai da shi ai filin kwari kawai zai iya saya, wlh ba son ransu bane, kuma an yi irin wannan ambaliyar a 1994, sama da shekara 30 kenan fa ba a ɗauki darasi ba.

Malam Lauya: Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta samar wa ƴan ƙasa matsuguni mai kyau, matsalar ita ce yana babi na 2, kotu ba ta tilasta shi.

Baban Sadiq: Amma mu ma muna toshe kwalbati da shara gaskiya.

Maman Ummi: Haba Baban Sadiq, shara ce ta fasa dam?