Musayar waƙa: hali zanen dutse ne, ko ana gyara shi?

Mai Albasa, Aliero:
Salamu alaikum. Ga na wannan mako, ƙwar huɗu, a riƙe "wa" a ƙarshe.

Ɗan'uwa tashi ka rage kwana,
Ka yi asuba ka nufi gona,
Ka cire adashi cikin na rana,
Gyaran hali kullum aka somawa.

Waya a hannu tsakad dare,
Da hantsi kai da barci tare,
Ka ce arziki ya ƙi ka ya tsere,
Alhali kai ne ba ka nemawa.

Bazamfaren Kaura:
Mai hana waya ina tambaya,
Ƙarfe biyun dare ka aiko ta waya,
Hali zanen dutse, wa zai sauya?
Mai yawan faɗi bai cika aikatawa.

Mai Albasa, Aliero:
Ƙarfe biyun nan ban-ruwa nika yi,
Ni da injina muna shan sanyi,
Kai kana Kaura teburin mai shayi,
Kana jiran jirgin da ba shi zuwa.

Gwaggo ta Jega:
Allah shi ja zamaninka, Mai Albasa! Tun zamanin Kanta Kabi ba ta bin baya.

Bazamfaren Kaura:
Gwaggo, da girmanki, ba a fara ba kin ɗauki ɓangare. Ki bari a gama tukuna.

Basarken Argungu:
Ku gafarce ni, kwana biyu ina bakin ruwa. Tun 1934 aka bikin kamun kifi a garinmu. Baƙi kan cika bakin kogin Matan Fada su ga kamu, amma ba su tambayar yadda aka koya.

Kun ga giwan ruwa an ɗora,
Ba ku ga yaro bisa gora,
Shekara da shekaru shina ta gyara,
Riƙon homa da nutso har Allah ya kai shi ga iyawa.

Malam na Gwandu:
Basarke, ma'ana ta yi kyau, amma ɗangonka na huɗu ya yi tsawo, ya fita daga karin. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Basarken Argungu:
Allah gafarta Malam, ka rera shi ka ji. Ni da baki nika waƙa, ba da ƙirgan gaɓa ba.

Malam na Gwandu:
Na rera, numfashi ya ƙare kafin in kai "iyawa". A Gwandu, tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da aruli ake auna baiti.

Bazamfaren Kaura:
Nan ina bayan Basarke. Makaɗan fadar Zamfara wane aruli sunka karanta?

Malam na Gwandu:
Kalangu da kotso su ne ma'auninsu, yaro. Kai da ba ka da ganga, mi za ya riƙe ka?

'Yar Anka:
Kun bar magana kun kama ɗango. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinari cikin gidaje, ƙurar na shiga cikin yara.

Ku bar gardama ku saurara,
Dakan zinari ya ci muna yara,
Da munka gane sai munka gyara,
Wa ya ce hali ba shi canzawa?

Dutse ya koma bayan gari,
Wanka da sake tufa da wuri,
Kahin a rungumi jinjiri,
Da kuka munka koyi kiyayewa.

Bazamfaren Kaura:
Yaya, kin taɓa min zuciya,
Amma wuya ta koya muku gaskiya,
Nuna min wanda cikin lahiya,
Ya bar halinai babu tilastawa.

Gwaggo ta Jega:
To bari ni ma in taɓa.

Ɗana taho Jega ka ga mata,
Zubin adashi kowane wata,
Mai ƙuli ta sai keken ɗinkinta,
Ba bulala, sai dai sabawa.

Mai Albasa, Aliero:
Gwaggo ta gama da kai, Bazamfare! Muna jiran amsa, kuma cikin waƙa.

Malam na Gwandu:
Allah ya jiƙan yaran Anka. Ku dubi baitin 'Yar Anka na biyu ku ga yadda ɗango huɗu ke zama kai ɗaya. Basarke, naka na nan ina jira ka gyara.