Hayar gida a Sisili: abin da waɗanda suka je suka ce

Kusan duk waɗanda suka taɓa kama gida a tsibirin Sisili na Italiya bakinsu ya zo ɗaya a kan lokaci: a guji Agusta. Ga tsada, ga cunkoso, ga zafi, domin a Agustan 2021 an auna digiri 48.8 kusa da Sirakusa. Mayu, Yuni ko Satumba sun fi sauƙi.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai gida ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma ko wurin iyo yana da shinge idan da yara. Mota kuwa dole ce, sai dai a kula da allon ZTL a tsofaffin unguwanni, wato wuraren da aka hana mota shiga sai da izini; in ka shiga kyamara ce ke ɗauka, tara ta biyo ka har gida.

Inda aka yi saɓani shi ne gabas ko yamma. Masu son gabas suna kawo Taormina da dutsen Etna. Ni dai yamma ta fi kwanta min a rai. Musulmi sun ci Palermo, babban birnin tsibirin da ke ɓangaren yamma, a 831, kuma a birnin ne malamin nan Musulmi, Idrisi, ya kammala taswirarsa ta duniya ga Sarkin Sisili Roja na Biyu a 1154. A Trapani har yau ana murza kuskus da hannu a babban kasko, a ci da romon kifi.

Wata baiwar Allah ta ja kunne a kan kitsen alade, wanda ake sawa har a wasu kayan fulawa. A tambaya kafin a saya.