Chariot da Indo-European: a agaza mini da Hausarsu kafin gobe

Hajo mai shirin tarihi: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe 4 zan naɗi shiri kan yadda abin hawan yaƙi na doki ya shiga ƙasar Sin. Sai wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa aka fara ganinsa a Anyang, babban birnin daular Shang, an binne shi da dawakai biyu, wani lokaci har da direban. Tun shekara 800 kafin nan ana ƙera irinsa a Sintashta, gabas da kudancin duwatsun Ural na Rasha. Me zan kira chariot? Su kuma mutanen da suka ƙera shi, waɗanda ake kira Indo-European, wane suna zan ba su?

Ɗanliti: Wa'alaikumussalam. Keken doki. An gama.

Malam Sallau: Ba a gama ba, Ɗanliti. Keken doki na dakon kaya ne, mai sauraro zai hango buhunan masara. Wannan ƙafa biyu gare shi, ba nauyi, ƙafafun da siraran sanduna kamar na keken hawa, kuma don sukuwa aka yi shi. Muna da karusa, jam'i karusai, ta daɗe a rubuce.

Baba Alƙalami: Karusa ba tamu ba ce, ta hannun Larabawa ta zo. Har yaushe za mu daina bara? Ni na daɗe da ƙera wa abin nan suna: mirginau. Daga mirgina, a tsarin su ɗaurau da fiddau. Mirginau ɗin yaƙi. Ku faɗa da ƙarfi ku ji daɗinsa.

Ɗanliti: Ranka ya daɗe, abin da ya mirgina ai hatsari ya yi.

Baba Alƙalami: Yaro, kai da ka kawo keke, ka san daga Yarbanci ka aro shi? Haka amalanke. Duk abin da ke da taya sai mun je maƙwabta.

Ɗan Agadas: Baba, aron kalma ba ya nufin ƙasar ba ta san abin ba. A duwatsun Ayar, wajen Iwelen, akwai zanen irin wannan abin hawa a jikin dutse. Sunan ne bai iso gare mu ba. Mu nan in ka ce mirginau a rediyo za a ɗauka sunan magani ne.

Hajo mai shirin tarihi: To na biyun fa? Wani a ofis ya ce in ce Indiyawan Turai.

Malam Sallau: Kul, Hajiya. Za a zaci 'yan Indiya mazauna Landan kike nufi. Sunan na dangin harsuna ne, kamar yadda Hausa take cikin dangin Cadi. William Jones ne ya nuna kamannin da ke tsakanin Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin a 1786, Thomas Young ya raɗa sunan a 1813, ya ɗauki bakin gabas da bakin yamma ya haɗa. Ki ce masu magana da harsunan Indo-Turai.

Garba Tsohon Soja: Wato dai Bature ne ya wayar da Sinawa? Irin tarihin da suke rubuta wa kansu ke nan. Mu ma haka aka ce Bayajidda daga Bagadaza ya zo.

Malam Sallau: Shi ya sa nake tsoron kalmar Turai a ciki. Makiyaya ne na filayen ciyawa tsakanin Bahar Aswad da duwatsun Altai, ba su san wata Turai ba. Sinawa kuma da rubutunsu da tukwanensu na tagulla. Aro suka yi: karusa, wataƙila da kalmar zuma, mi, wadda masana da yawa ke cewa daga mit ta harshen Tokariya take. Takardun wannan harshe a Kuca da Turfan, yammacin ƙasar Sin, aka tono su, aka gane ɗan dangin Indo-Turai ne a 1908. Hajiya, kada ki jingina da tsofaffin gawarwaki masu jan gashi da aka tono a Tarim, a wannan yankin. Binciken ƙwayoyin halitta na 2021 ya nuna mafi tsufansu 'yan ƙasa ne, ba baƙi daga yamma ba.

Baba Alƙalami: Kun ga? Sinawa sun ari kalma ɗaya, shekara dubu biyu ana yi musu gori. Mirginau ba mai yi mana gori a kansa.

Ɗan Agadas: Baba, alƙalamin da ke sunanka ma na Larabci ne.

Baba Alƙalami: Wannan da addini ya shigo, daban ne.

Hajo mai shirin tarihi: Allah ya huci zuciyar Baba. Ga abin da na rubuta: karusar yaƙi, da bayani sau ɗaya cewa keke ne mai ƙafa biyu da dawakai ke ja a guje. Mutanen kuma makiyaya masu harsunan Indo-Turai, sai in ƙara cewa dangin ya haɗa Farisanci da Hindi da Turanci.

Garba Tsohon Soja: A dai sa Farisanci a gaba.

Baba Alƙalami: Ban yarda da karusa ba, amma shirinki ne, 'yata. Ki ambaci mirginau ko sau ɗaya, ki ce wasu dattawa haka suke kiransa.

Ɗanliti: Dattawa nawa, Baba?